Amsa: Me ya sa koyarwar gwaji ba ta gyara ɗalibi?

Malam, ka tambayi dalilin da ɗaliban digirin ilimi ke dawowa daga koyarwar gwaji, wato lokacin da ake tura su makarantu su gwada koyarwa, ba su iya riƙe aji ba. Galibi tun daga tsarin jami'a da makarantar ake samun tangarɗa. A turo ɗalibi ana dab da jarrabawar ƙarshen zango, malamin aji ya miƙa masa alli ya yi gaba.

Kamata ya yi a daidaita lokacin da farkon zango. Makon farko ɗalibi ya zauna a bayan aji yana kallo kawai. Daga nan malamin aji ya riƙa duba shirin darasinsa kafin ya shiga. Mai sa ido daga jami'a kuwa ya zo aƙalla sau biyu, ya zauna minti 40 na darasin cur, su tattauna kurakuran a ranar.