Amsa: Direbana na kifar da kwamfuta in na karanta adireshin manhaja

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa na Jidda. Ka ce direbanka na Linux (shirin da ke sarrafa na'ura daga cikin kernel, wato zuciyar Linux) yana kifar da kwamfuta duk sanda ya karanta adireshin ƙwaƙwalwar da manhaja ta miƙo ta ioctl, wato kiran da manhaja ke aika wa direba umarni da shi. Kada ka bi adireshin nan kai tsaye, ko da memcpy ne, umarnin kwafe bayanai da aka saba da shi. Mai yiwuwa na bogi ne, ko shafin (yankin ƙwaƙwalwar da adireshin ke nunawa) ba ya cikin RAM, ga kuma SMAP, kariyar da ke cikin CPU na Intel, da ke hana irin wannan karatu.

Maimakon haka, kira copy_from_user(), wadda ke kwafo bayanan manhaja zuwa cikin kernel. Abin da take dawo da shi shi ne adadin bayit ɗin da ba su kwafu ba, nan mutane ke tuntuɓe. In ba sifili ba ne, mayar da -EFAULT, lambar kuskuren da ke nufin adireshi mara kyau. Tana iya yin barci, wato ta dakata tana jiran shafin ya iso RAM, saboda haka kada ka kira ta kana riƙe da spinlock, makullin da ba a yarda mai riƙe da shi ya yi barci ba. Kwafi sau ɗaya ka tantance kwafinka, don manhajar na iya sauya bayanan, kamar tsawon da ta bayar, kafin ka sake karantawa.