Amsa ga mai tambayar yadda ake ɗaukar faɗa a fim

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce za ku ɗauki faɗan 'yan daba biyu a gajeren fim ɗinku, har wani ya ba ka shawarar a bar su su daki juna da gaske kaɗan-kaɗan don ya yi armashi. Don Allah kada ku soma. Na daɗe ina tsara faɗa a dirama da ƙananan finafinai, kuma naushin gaske ba ya ma yin kyau a kyamara. Gajere ne, kafin ido ya kama shi ya wuce, sai dai a tashi da fasasshen leɓe.

Kyamara ido ɗaya gare ta, ba ta tantance nisa. Ka ajiye ta bayan kafaɗar ɗayansu, hannu ya gifta gaban fuska da tazarar taƙi guda, mai kallo zai rantse ya samu. In ka ɗauka daga gefe kuwa, asiri ya tonu.

Amma fa ƙarfin aikin yana wurin wanda ake duka. Shi zai fizge kai daidai lokacin da hannu ya gifta, jiki ya biyo baya, gwiwa ta saki. Ya riga hannun, an gane. Ya makara, an gane. Haka shaƙa: mai shaƙar ya ɗora hannuwansa a ƙasan wuya, nesa da maƙogwaro, wanda ake shaƙewa ya riƙe su yana jawo su gare shi, shi kuma wancan yana ja baya. Duk mutsu-mutsun da za a gani, wanda ake shaƙewar ne ke tafiyar da shi, ya saki hannu an gama. Jan gashi ko cin kwala ma haka ne.

Atisaye a hankali za ku fara, kamar masu koyon rawa, da ƙirga: ɗaya, haɗa ido, biyu, ja hannu baya, uku, kai duka. Wanda bai haɗa ido da abokinsa ba kada ya motsa. Sai jiki ya haddace sannan a ƙara sauri. Ko 'yan wasan fim ɗin The Matrix na 1999 sai da mai tsara faɗa Yuen Woo-ping na Hong Kong ya shafe watanni yana horar da su kafin a kunna kyamara.

Ka yi hattara da ɗauko ɗan dambe don kawai ya iya faɗa. Hannunsa ya saba neman muƙamuƙi, hana shi isa wurin ya fi koya wa sabon shiga wahala.

Ƙarar duka a wajen tace fim ake sawa, kada ta dame ku a lokeshin. Wuƙa da adda na roba ko na katako da aka shafa wa fenti, ban yarda da dakusasshen ƙarfe ba. Bindigar da aka ɗauka ba ta da haɗari ce ta kashe ɗan wasan fim Brandon Lee, ɗan Bruce Lee, bayan an harbe shi da ita a wurin ɗaukar fim a 1993. A cire zobe da agogo, a share duwatsu da kwalabe, a shimfiɗa katifa inda kyamara ba ta gani. Kuma ku yi yarjejeniya tun farko cewa duk wanda ya ce "tsaya", ko mai riƙe fitila ne, an tsaya ke nan, darakta ba shi da ta cewa.