Tambayoyinku Kan Fasaha: Java Ba Ta da Nauyi, Haƙuri Ne Ya Yi Maka Kaɗan

Tambaya: Malam, ni ɗalibin kimiyyar kwamfuta ne. Na rubuta wani ɗan shiri da Java na auna lokacinsa. Zagayen farko ya ja ƙafa, na baya kuma suka yi sauri. Abokina ya ce Java ce ba ta da kuzari, in koma C. — Sagir, Ƙofar Ƙaura, Katsina

Amsa: Sagir, wannan magana ta abokinka na ji ta har kunnena ya gaji. Kai da kanka ka ga zagayen baya sun fi sauri, amma ba ka tsaya ka tambayi dalili ba, sai ka bi shawarar majalisa.

Java da C dai yarukan rubuta shirye-shiryen kwamfuta ne. Idan ka haɗa shirin Java, ba ya zama yaren injin kwamfutarka kai tsaye. Yana zama baitkod, wani yare na tsaka-tsaki da JVM, wato manhajar da ke gudanar da shirye-shiryen Java, ke karantawa. Da farko JVM tafinta take yi, layi-layi, kamar mai fassara wa baƙo a kasuwa: a faɗa, ya juya, a sake faɗa, ya sake juyawa. Amma tana ƙirga wuraren da ake yawan maimaitawa. Da wuri ya yi zafi, sai ta fassara shi gaba ɗaya zuwa yaren injin, ta ajiye, tafinta ya koma gefe. Wannan shi ake kira JIT. Sun Microsystems ta fito da Java a 1995, sannan ta kawo JVM mai suna HotSpot a 1999, kuma sunan ma daga waɗancan wurare masu zafi ya samo asali.

Wahalar ta fi yawa a shirye-shiryen da aka gina da aji da abubuwa. Ka ce kana da ajin Dabba, ka rubuta "yi kuka". Akuya da jaki kowa da nasa kukan, kuma sai shiri yana gudana ake sanin wace dabba ce a hannu. Wannan binciken na cin lokaci a kowane kira. Dabarar rage wannan ɓata lokaci kuwa tsohuwa ce: tun 1984 Peter Deutsch da Allan Schiffman suka nuna ta a yaren Smalltalk, masu yaren Self kuma suka faɗaɗa ta. Inji yana tuna wadda ta zo wurin a baya. In akuya ce sau dubu, sai ya ɗauka akuya ce za ta sake zuwa, ya dasa kukanta a nan take, ya bar ɗan mai gadi yana dubawa. Ranar da jaki ya leƙo, sai ya watsar da fassarar, ya koma wa tafinta, daga baya ya sake sabuwa. Mai haɗa C kafin a kunna shiri ba ya ganin wace dabba ke yawan zuwa. JIT kuwa da idonsa yake gani.

Ni ban ce C ba ta da inda ta fi ba, musamman a ƙananan na'urori. Amma auna zagaye ɗaya ka yanke hukunci, kamar ka ta da babur da asubar hunturu ne ka ce ba ya gudu. Bar shirin ya yi dubban zagaye tukuna, ka zubar da sakamakon farko, sannan ka auna. In da gaske kake, yi amfani da JMH, kayan aikin auna saurin shirye-shiryen Java. Ka gaishe min da abokin naka.

Tambaya: Na sabunta tsarin wayata ta Android, sai ta riƙa zafi da nauyi. — Hajiya Binta, Daura

Amsa: Hajiya, ba lalacewa ta yi ba. Tun Android 7 na 2016, waya tana fassara sassan manhajojin da kike yawan amfani da su ne lokacin da take kan caji ba a taɓa ta. Sabuntawa kan sa a sake aikin. In wuta ta zo da dare, jona ta ki kwanta, kar jikoki su ɗauka. Kwana biyu zuwa uku za ta dawo daidai.

Tambaya: Wace manhajar share waya ce ta fi ƙara sauri? — Nura, Ƙofar Marusa

Amsa: Babu. Suna kashe manhajoji, wayar ta sake ta da su daga farko, batir ya tafi a banza. Goge wadda ka saka, Nura, na san ka riga ka saka.