Baba yana karanta Fatiha amma ya kasa kiran sunana: amsoshin Likita kan magana da haɗiya

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Wata biyu ke nan da mahaifinmu ya sami shanyewar ɓarin jiki, hannu da ƙafa na dama. In muka ja masa Fatiha yana karantawa har ƙarshe, amma ya kasa cewa a ba shi ruwa, ko sunana ba ya iya kira. Wasu sun ce jifa ne. A asibiti kuma an ce mu nemi mai gyaran magana ya riƙa zuwa gida. Me zai yi masa? Daga wata baiwar Allah a Zariya.

Amsa: Wa alaikumussalam 'yar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Abin da kika bayyana sananne ne a wurinmu. A yawancin mutane cibiyar magana tana ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa, kuma ɓangaren hagu ne ke sarrafa jikin dama, shi ya sa dama da baki suka tafi tare. Tun 1861 wani likitan Faransa, Paul Broca, ya fara gano haka a kan wani majinyaci da kalma ɗaya tak ta rage masa, "tan". Kusan ɗaya cikin uku na masu wannan ciwo suna samun irin wannan matsala. Fatiha, salati da ƙirga kuwa hadda ce da aka maimaita shekara da shekaru, ba sai ƙwaƙwalwa ta tsaya laluben kalma ba. Hankalin Baba yana nan. Ya san ke ce, sunan ne ya maƙale. Don Allah kada a riƙa zancensa a kansa kamar ba ya wurin, wannan yana yi musu ciwo ƙwarai.

Mai gyaran magana zai fara da auna abin da ya rage: yana gane abin da ake faɗa? Yana iya nuna abu in an ambace shi? Karatu da rubutu fa? Daga nan sai ya ɗora. Amfanin zuwansa gida shi ne da kayan Baba zai yi aiki, butarsa, carbinsa, rediyonsa, hotunan jikokinsa. Yakan bi ta abin da bai lalace ba, kamar rera gajeriyar jimla da amo irin na karatun allo har ta zauna a baki. Zai iya haɗa muku allon hotuna, ruwa, banɗaki, ciwo, sallah, Baba ya riƙa nunawa kafin baki ya buɗe.

Amma fa in ya zo sa'a ɗaya a mako, sauran kwanakin a hannunku suke. A samu mutum ɗaya tsayayye da zai zauna duk lokacin da ya zo, ya koyi atisayen, ya maimaita kullum ko na minti 15 ne safe da yamma. A kashe talabijin, mutum ɗaya ya yi magana a lokaci guda, a gajarce jimla, a jira shi. An fi samun ci gaba a watannin farko, don haka kada ku ɓata lokaci, ko da yake sauƙi yana ci gaba da zuwa har bayan shekara. Maganin hawan jini kuma kada a daina.

Tambaya: Likita, tun da aka sallamo kakata daga asibiti bayan shanyewar ɓarin jiki, da ta sha ruwa sai ya sarƙe ta, ta yi ta tari har da hawaye. Kunu kuwa yana wucewa. Daga wani matashi a Maraɗi.

Amsa: Ɗana, wannan tambayar ta fi ta farko gaggawa. Mutane da yawa ba su san haɗiya ma aikin mai gyaran magana ba ce, domin tsokokin da ke magana su ne ke haɗiya. Ruwa yana gudu, yakan riga murfin hanyar iska rufewa ya gangara huhu. Kunu mai kauri yana tafiya a hankali, shi ya sa yake wucewa. Abin da ya shiga huhu yana kawo namoniya, wato ciwon huhu, kuma tana cikin manyan abubuwan da ke kashe masu shanyewar jiki bayan an dawo gida. Wani ma abinci yana shiga huhunsa ba tare da ko tari ba, sai dai a ga zazzaɓi da rama.

Ku mayar da ita a auna haɗiyarta cikin makon nan. Mai gyaran magana zai gwada kauri daban-daban, ya saurari muryarta bayan kowace haɗiya, ya shiga har madafa ya nuna wa mai girki kaurin da ya dace. Kafin nan: a zaunar da ita miƙe sosai, ba kishingiɗe ba, ta kuma zauna minti 30 bayan ci. A ba ta da ƙaramin cokali, ba ɗura. A ajiye gyaɗa, kilishi da shinkafa mai warwara. A duba kuncin da ya shanye, abinci yana ɓuya a can, a wanke mata baki safe da dare. Ko ruwan addu'a ne, a zuba shi cikin kunun. In aka ga zazzaɓi, haki, ko murya kamar mai kurkure baki, asibiti a ranar. In likita ya ce a sa robar abinci ta hanci kada ku ƙi, sau da yawa na ɗan lokaci ne.

Tambaya: Ɗana shekararsa uku bai fara magana ba. Surukata ta ce a kai shi wajen wanzami a yanke linzami. Daga wata uwa a Gusau.

Amsa: Hajiya, ki lallashi Mama, kada a taɓa bakin yaron nan. Linzami ba ya hana yaro fara magana, yankan kuma yana iya jawo zubar jini da tetanus. Yaro ɗan shekara biyu ya kamata ya fara haɗa kalma biyu, kamar "ba ni". Abu na farko a gwada jinsa, musamman in ya taɓa yin sanƙarau, ƙyanda, shawara yana jariri, ko kunne mai zubar da mugunya. Ana wannan gwaji a sashen kunne na asibitocin koyarwa da Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna. Ki karɓe wayar hannunsa, ki riƙa yi masa hira kina wanka kina girki.

Tambaya: Yaya zan gane wanda ya zo gida ƙwararre ne? Daga wani magidanci a Kano.

Amsa: Malam, masu wannan aiki kaɗan ne a Arewa, sojan gona kuwa ba su da wuyar samu. A Najeriya hukumar MRTB, mai kula da masu aikin farfaɗo da majinyata, ita ce ke yi musu rajista, ita ce kuma ke yi wa masu gashin ƙashi. Ka nemi ganin lasisinsa, kuma ya fi kyau asibitin da ya sallami majinyacin ne ya haɗa ku. Duk wanda ya zo da kwalbar magani yana alkawarin baki zai buɗe cikin mako guda, ka sallame shi tun daga zaure.