Amsa ga wadda ta yi tambaya kan wasan huɗu guda huɗu

'Yar'uwa wallahi ina karanta tambayarki na ji zuciyata ta sosu. Kin ce an ba ɗanki aikin gida ya fitar da 1 zuwa 20 da lamba 4 guda huɗu kacal, kun kai 10 kun cije, har yaro ya fara cewa shi daƙiƙi ne. Don Allah ki fara cire masa wannan a rai. Har zuwa 10 tarawa da ɗebewa da sau da rabawa sun isa, kamar (44−4)÷4, amma 11 ko kwana zai yi ba za ta fito da su kaɗai ba, sai an kawo wani abu kamar sukwaya rut, wato alamar √ da ke ba da lambar da sau kanta ke fitar da wadda ke ciki. √4 ai 2 ce, to 44÷(√4+√4) ga 11 nan. 13 kuma 44÷4+√4, 14 ita ce 4+4+4+√4.

Ni abin da aka yi wa 'yata a kan wasan nan har yau ban huce ba. Tana JSS 2 aka yi gasar lissafi a makarantarsu, muna zaune ƙarƙashin rumfa mu iyaye, aka ce ta fitar da 4, ta je allo ta rubuta 4+4×(4−4) hannunta na rawa, kuma daidai ne, cikin baka sifili, 4 sau sifili sifili, saura 4. Sai malamin da ke alƙalanci ya bi daga hagu, wai 4 da 4 takwas, takwas sau sifili sifili, ya karɓi allin ya zabga mata ƙaton kuros, yara suka kwashe da dariya. BODMAS ɗin da su da kansu suke sa yara haddacewa fa, dokar da ta ce a fara da abin da ke cikin baka, a yi sau kafin tarawa! Yarinya ta tsaya tana murza bakin hijabinta ta kasa cewa komai. Da aka tashi na same shi da takarda da biro, ko kallon takardar bai yi ba, ya ce Hajiya ke kike koyar da lissafi ko ni. Daga baya wani malamin ya tabbatar min ita ke da gaskiya, amma ba wanda ya ba ta haƙuri, kyautar ma ta tafi, har ƙarshen zangon ta daina ɗaga hannu a aji.

Shi ya sa nake ce miki ki sa malaminsu ya rubuta dokokin tukuna, an yarda a haɗa 44? An yarda da rut? Da faktoriyal, wato 4! mai alamar motsin rai, 4×3×2×1 da ke ba da 24? Don 19 da shi ake samunta cikin sauƙi, 4!−4−4÷4. Kuma yaro ya riƙa sa baka ko'ina ko da ba dole, kar a samu abin kama shi. Banda duka don Allah, banda "dubi ɗan wance".

Wasan ma tsoho ne, tun 1881 aka buga shi a wata mujalla a Ingila, manya ma suna shan wuya a kan 73 da 113, balle yaro. 18 ita ce 4×4+4−√4. Su 12 da 15 da 16 da 17 da 20 kuwa kar ki ba shi, ba sa buƙatar rut, ki bar shi ya samo da kansa. In malamin ya ce bai yarda da rut ba ki dawo ki faɗa mana, Allah ya yi wa yaran albarka.