Mun tayar da Land Rover ɗin Baba amma sitiyari ya ƙi zama

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ya aiki ya iyali. Ni daga wani ƙauye nake a yankin Gumel, muna da tsohuwar Land Rover Series III da marigayi Baba ya bari, ta daɗe a ajiye gindin darbejiya, shine ni da yayana muka haɗa kuɗi muka tayar da ita don cin kasuwar Maigatari ran Alhamis, tunda yashin hanyarmu ba kowace mota ke iya shi ba. Mai walda ya yanke ƙarfen gaban direba inda tsatsa ta ci ya sa sabo, to tunda aka mayar da sitiyari sai yayi tauri, nan ya saki can ya cije, kuma mota na tafiya a miƙe amma kan sitiyarin ya karkace hagu. Bakanikenmu yace a ƙara tamke notika zai zauna. Meye shawara?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya jiƙan Baba. Da farko dai don Allah ka ce wa bakanike ya ajiye sifanar nan tukuna, tamkewar ce ma nake zargi ta jawo taurin.

Wannan motar, wadda aka ƙera daga 1971 zuwa 1985, sandar sitiyarinta da akwatin sitiyarin a haɗe suke abu ɗaya, ba irin motocin yanzu ba masu gaɓa a tsakiya da ke lanƙwasawa. Akwatin yana ɗaure a ƙasa, wuyan sandar kuma yana ɗaure a jikin ƙarfen nan da aka yi wa walda, to in walda ta ja ƙarfen ko kaɗan ramukan ba za su haɗu da sandar ba, sai yara su danno ta da ƙarfi su zura noti, ta zauna a tanƙware ido baya gani amma hannu yana ji. Kamar ƙofar da aka kafa a karkace ce, tana rufuwa amma sai da kafaɗa.

Ku ɗaga gaban motar, ku sa mata abin tokare mai ƙarfi banda jak kaɗai, ku cire bol join, wato gaɓar da ta haɗa rodi da hannun akwatin, sannan ka juya sitiyari da yatsa biyu. Yanzu ku sassauta maɗaurin sama. In sitiyarin ya saki nan take to an kama ɓarawo, kuma zaka ga sandar ta matsa da kanta ta bar giɓi. Wannan giɓin ba a rufe shi da ƙarfin sifana, cike shi ake da washa ko siraran falle na ƙarfe, in ramin ne ya kauce a ɗan faɗaɗa shi. A fara ɗaure akwatin ƙasa, na sama shine ƙarshe, kuna ɗaurewa kaɗan kaɗan kuna juya sitiyarin kuna ji. Af, ku duba ko an taɓa juya mata hannu, don sai a 1972 Najeriya ta koma tuƙi ta dama, kuma motocin da aka dawo wa da sitiyari hagu a gareji sau tari ramukan nasu hujin hannu ne.

In kuma akwatin lafiya lau yake juyawa, to taurin yana gaba. Akwai wani ƙarfe a tsaye cikin shasi kusa da lagireto mai hannu sama da ƙasa, shi ke miƙa juyin zuwa tayoyi, yana shan giya oyil lamba 90 kamar akwatin, kuma motar da ta shekara a ajiye da wuya bai bushe ba. Ku ɗura masa mai a hankali, amma kar wanda bai san shi ba ya kwance cikinsa, akwai sifirin mai ƙarfin gaske a matse a ciki da zai iya ji wa mutum ciwo.

Karkacewar kan sitiyari kuwa matsala ce daban, kuma nasan abin da za a ce maka, a zare shi a mayar a miƙe. Hakan zai iya ɓoye matsalar ne kawai, don in akwatin ba a tsakiya yake ba mota na iya fin karya kwana ta gefe ɗaya. Ka juya shi ƙarshe zuwa ƙarshe ka ƙirga, ka dawo rabi, nan ne tsakiyar akwatin, a nan za a miƙe tayoyi ta hanyar daidaita tsawon rodi, sai daga baya a zaunar da kan. Tsakanin tayoyin gaba kuma a auna da awo a bakin rim, gaba ya fi baya matsewa da milimita 1.2 zuwa 2.4.

Bol join ɗin da yake kaɗawa kar a bubbuga shi a mayar, a canza, in babu a Gumel a aika Kofar Ruwa a Kano, kuma ku bayar da tsohon a tafi da shi a gwada kafin a biya kuɗi.