Bene mai gida shida: mita ɗaya ko kowa da tasa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina gina bene mai hawa uku a Birnin Kebbi, kowane hawa gida biyu, na haya. Mai aikin wutata ya ce mita ɗaya ta wadatar, 'yan haya su riƙa raba kuɗi. Hakan ya yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Bai yi ba. Mita ɗaya rigima za ta haifar, domin mai AC biyu da mai fanka ɗaya ba za su taɓa yarda da rabo daidai ba. Mita bakwai kake bukata, masu kati: shida na gidajen, ta bakwai ta kayan kowa da kowa, wato famfon burtsatse da fitilun matakala da na harabar gida. Kaduna Electric, kamfanin da ke raba wuta a Kebbi da Zamfara, za ka nema, kuma tun kafin a yi filasta.

Sai lissafin lodi. Gida mai AC biyu masu ƙarfin doki ɗaya da rabi, da hita, firji, dutsen guga da fitilu, zai ja kusan kilowat 6 zuwa 7, wato amfiya 30 a kan bolt 230. A ka'ida akan rage jimillar lodin gidajen, tunda ba lokaci ɗaya kowa ke kunna komai ba. Amma a nan kada a rage da yawa. Watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, da an kawo wuta duk AC ɗin gidan tare suke tashi, ita ma wayar ƙarfin ɗaukarta raguwa yake cikin zafi.

Shi ya sa wutar za ta shigo da layi uku, gida biyu a kan kowane layi. Idan aka jibge gida huɗu a layi ɗaya, wutarsu za ta yi ƙasa, AC ya yi ta gurnani bai tashi ba. A jera mitocin a hawan ƙasa, inda rana da ruwa ba sa duka, a rubuta lambar gida a jikin kowace. Daga mita, kowane gida a ja masa wayarsa ta tagulla mai kauri 10mm², da bireka mai amfiya 40. Na sama, idan tafiyar ta yi nisa, 16mm². Cikin gida kuwa 1.5mm² na fitilu, 2.5mm² na soket, 4mm² na AC da hita, kuma a sa abin katse wuta na 30mA saboda jan wuta.

Inda na fi so ka sa ido shi ne wayar nutural, wato wayar da wuta ke komawa ta cikinta. Kowane gida da tasa, kada a haɗa don tsimi. Babbar wayar nutural ta benen kuma a ɗaure ta tamau, domin ranar da ta kwance, wutar wasu gidajen na iya hawa kusa da bolt 400, talabijin da firji su ƙone a take.

Sandar tagullar da ake kafawa a ƙasa a auna ta da rani, lokacin da ƙasa ta bushe. Awon damina yaudara ne. Mai janareto ko sola a sa masa canjoba, wato makunnin sauya wuta, bayan mitarsa, don kada wutarsa ta koma layi. Aikin kuma ka ba mai lasisin NEMSA, hukumar da ke duba ingancin aikin wutar lantarki, ka karɓi takardar gwaji kafin a jona.